Yadda ake sayen maganin feshi, a yi aiki da shi, a kuma adana shi bisa doka a Sakkwato

Duk wanda ya ratsa fadamun Kwalkwalawa, Wurno ko Goronyo a lokacin noman rani zai lura cewa famfon feshi ya shiga sahun kayan aikin da manomi ba ya rabuwa da su, domin da wuya a sami mai albasa, tumatir, tattasai ko shinkafa da zai kai ga girbi ba tare da ya fesa wani abu ba. Haka abin yake a wajen 'yan hatsi masu ajiya a sito, haka kuma a ɗakunan kwana inda ake fama da sauro, kyankyaso da kuɗin cizo. Waɗannan magunguna duka guba ne da gwamnati ta amince a sayar bisa wasu sharuɗɗa, kuma mafi yawan sharuɗɗan suna rubuce a jikin kwalbar da ake riƙewa a hannu. Sai dai babu jami'in hukuma da ke tsaye kan manomi sa'ad da yake haɗa magani a bakin rijiya, ko kan uwargida sa'ad da take neman inda za ta ajiye ragowarsa. Saboda haka dokar ba ta kare kowa sai wanda ya san abin da ta ce, ya kuma bi ta tun daga shagon da ya yi sayayya har zuwa ranar da ya rabu da kwalbar.

Hukumomin da alhakin ya rataya a wuyansu

Dokokin Najeriya kan sinadarai masu haɗari sun yi ƙarfi ne bayan abin da ya faru a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta, inda a shekarar 1988 aka gano dubban ganguna na sharar masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili. A shekarar ce gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo da irin wannan shara ko ya zubar da ita a ƙasar nan. A yau hukumomi biyu na tarayya ne suka fi shafar manomi da magidanci. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke yi wa magungunan ƙwari da na ciyawa rajista, ita ke ba da izinin shigo da sinadarai, kuma tana da ikon hana sayar da duk wanda ta ga cutarwarsa ta rinjayi amfaninsa. Hukumar NESREA kuwa, wadda aka kafa a 2007, aikinta shi ne lura da abin da sinadarai ke yi wa ƙasa, ruwa da iska, kuma tana da ƙa'idoji na musamman da aka fitar a 2014 kan sinadarai masu haɗari da magungunan ƙwari. Takin zamani yana da tasa dokar ta 2019 a ƙarƙashin Ma'aikatar Noma ta Tarayya. A jiha kuma akwai Ma'aikatar Muhalli da malaman gona, waɗanda su ne mafi kusa da manomi idan yana neman shawara.

Kafin a miƙa kuɗi

Abu na farko shi ne a tabbatar da abin da ke damun shukar, domin maganin ƙwari ba ya warkar da ciwon ganyen da fumfuna ke haddasawa, kuma ganyen da ya yi rawaya saboda ƙarancin taki ko yawan ruwa ba feshi yake bukata ba. Wanda bai gane abin da ya kama albasarsa ba ya tsinki ganyen, ko ya ɗauki hotonsa da waya, ya nuna wa malamin gona kafin ya je shago, saboda mai shago, komai kirkinsa, abin da ke kan kantarsa zai nuna.

Daga nan sai a zaɓi shago mai mazauni tsayayye, wanda za a iya komawa gobe a tarar da mai shi, kuma a karɓi rasit ɗauke da sunan maganin da ranar saye. Ba a sayen maganin da aka ɗura a robar ruwa ko kwalbar lemo, ko wanda ake aunawa da murfi ranar kasuwa, domin da zarar magani ya bar mazubinsa na asali to ya rabu da duk bayanin da zai kare mai amfani da shi, kuma babu mai iya rantsuwa kan abin da aka gauraya a ciki. Wannan ya haɗa da fiya-fiyar da ake haɗawa a ɓoye ana tallarta a tasha da bakin titi. A jikin galan ko kwalba a nemi lambar rajistar NAFDAC, da sunan kamfanin da ya yi maganin ko ya shigo da shi tare da adireshinsa, da lambar zubin da aka yi shi, da ranar da aka yi shi da ranar da zai daina aiki, sai kuma bayanin yadda ake haɗa shi da irin amfanin gonar da aka amince a fesa masa. Rashin ɗaya daga cikin waɗannan ya isa dalilin mayar da kaya kan kanta. A duba murfin a ga hatiminsa bai tsinke ba, a kuma lura ko an liƙa wata takarda a kan ta asali, saboda masu jabu ma sun iya buga lamba. Kusancinmu da iyakar Nijar ta Illela da Birnin Ƙonni ya sa kayan da aka rubuta bayaninsu da Faransanci zalla suna shigowa kasuwanninmu. Ko da an yi musu rajista a wata ƙasa, rajistar ba ta maye gurbin ta NAFDAC, kuma maganin da ba a iya karanta ma'auninsa ba, sai dai a zuba shi a famfo da ka.

Akwai wani rubutu ƙarami a ƙarƙashin babban sunan da kamfani ya raɗa wa magani, kuma ya fi babban sunan muhimmanci, domin shi ne sunan ainihin sinadarin da ke kashe ƙwaron ko ciyawar. Kamfanoni da yawa suna sayar da sinadari ɗaya da sunaye daban-daban, har manomi ya ɗauka ya canja magani alhali galan kawai ya canja. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa ƙwari su saba da magani su daina jinsa, sai manomi ya riƙa ƙara yawansa yana ƙara wa kansa asara da cuta. Haramcin da hukuma ke yi ma da wannan ƙaramin suna take yinsa, don haka wanda bai iya karatun boko ba ya tafi shago da ɗansa ko maƙwabcinsa da ya iya.

Launin da aka zagaya a gindin takardar shi ma yana da ma'ana, bisa rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya. Ja na nufin guba mafi tsanani, rawaya na bin bayansa, shuɗi haɗarinsa ya fi sauƙi, kore kuma shi ne wanda ba a sa ran ya yi illa nan take idan an bi ƙa'ida. Idan magani biyu za su yi aiki iri ɗaya, a ɗauki mai shuɗi ko kore. A ganina ƙaramin manomin da ba shi da cikakkun kayan kariya bai kamata ya kusanci mai ja ba, komai yabon da aka yi masa. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa gargaɗin mutuwa ne, hoton mataccen kifi da busasshen itace kuma na nufin kada maganin ya kusanci ruwa.

Waɗanda aka haramta

A shekarar 2008 NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30 bayan mutane sun sha guba a abinci a wasu jihohi, kuma a cikinsu akwai DDT da lindan, wato sinadarin da ke cikin Gamalin wanda wasu marasa tsoron Allah ke zubawa a ruwa don kama kifi. Irin waɗannan ba sa narkewa da wuri, suna daɗewa a ƙasa shekara da shekaru, suna taruwa a kitsen dabba da na mutum har su fito a nonon uwa, abin da ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar kawar da su a ƙasar Suwidin a 2001. A 2019 hukumar ta hana sayar da ƙananan kwalaben diklobos na mililita 100 zuwa ƙasa, wanda aka fi sani da sunan Sniper kuma ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, ta taƙaita sayar da babbar kwalba ga shagunan kayan gona da aka amince da su. Dalilinta shi ne yadda ake zuba shi a abinci da fesa shi a ɗakin kwana, da kuma yadda wasu ke shansa don halaka kansu.

A 2023 kuma ta sanar da ranakun da haramcin wasu uku zai fara aiki. Farakwat, maganin ciyawar da ke ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ake rubutawa Paraquat, haramcinsa daga 1 ga Janairu 2024 ne. Na kulofirifos, wato Chlorpyrifos a rubutun takarda, daga 1 ga Nuwamba 2024, na atirazin kuma, wato Atrazine, daga 1 ga Janairu 2025. Farakwat ba shi da makari, kurɓi ɗaya na iya lalata ƙoda da huhu ya kashe mutum bayan kwanaki. Kulofirifos an danganta shi da tauye ƙwaƙwalwar yara tun suna ciki, atirazin kuma yana sauka ya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta janye amincewarta da shi a 2004. Ganin ɗayansu a kan kanta ba hujja ba ce ta halaccinsa, sai dai ya nuna tsohon kaya ne ko na fasa-ƙwauri, kuma arharsa bai kamata ta ruɗi kowa ba.

Aunawa, haɗawa da feshi

Mafi yawan kuskuren da ake yi a gona a wajen awo yake, domin takarda takan faɗi yawan maganin da hekta ɗaya ke bukata, manomi kuma da famfon lita 16 ko 20 yake aiki. Hanyar daidaita su mai sauƙi ce, kuma sau ɗaya ake yinta a farkon damina ko rani. A auna fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, a zuba ruwa zalla a famfo, a fesa filin da irin tafiyar da aka saba yi, sannan a auna ruwan da ya tafi a ninka shi sau 100, abin da ya fito shi ne ruwan da mai feshin ke ƙararwa a hekta. A ɗauka lita 2 ta tafi, ke nan hekta za ta ci lita 200. Idan takarda ta ce lita ɗaya ta magani ga hekta, to kowace lita ta ruwa tana ɗaukar mililita 5, wato mililita 80 a famfon lita 16, ko mililita 100 a famfon lita 20. A yi awon da ƙoƙon awo mai lamba ko sirinji da aka keɓe don wannan aiki kaɗai, ba da gwangwanin madara ko murfin galan ba. Ƙara magani fiye da ƙa'ida ba ya ƙara kashe ƙwari, sai dai ya ƙone shuka ya bar guba a jikin abin da za a ci. Haka nan gauraya magani biyu ko uku a famfo ɗaya, wanda ya zama ruwan dare, ba a yinsa sai takarda ta yarda.

Lokacin haɗawa shi ne mafi haɗari, saboda a lokacin ne maganin yake da cikakken ƙarfinsa. A haɗa shi a fili nesa da rijiya da magudanar ban-ruwa, a juya da sanda, kada a sa hannu, kuma idan bakin famfo ya toshe a wanke shi da ruwa ko a tsokale shi da tsinken ciyawa, kada a hura shi da baki. Fata tana shan guba ko da babu rauni, musamman idan ana gumi, don haka mai feshi yana bukatar riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin roba, safar hannu ta roba, tabarau da takunkumi. Safar yadi ko ta fata ba ta da amfani a nan, domin tana jiƙewa ta riƙe maganin a jikin hannu, haka ma rawani ko ƙyallen da aka naɗe hanci da shi idan ya jiƙe. Kowa ya san wahalar sa waɗannan kaya a Sakkwato a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, amma mafita ita ce a canja lokacin aiki zuwa bayan asuba ko yamma liƙis, lokacin da iska ta kwanta, rana ba ta busar da maganin kafin ya yi aiki, kuma ƙudan zuma ba sa kan fure. A lokacin hunturu, idan iska ta tashi, a ajiye famfo sai ta lafa. A kowane lokaci kuma mai feshi ya ba iska baya don ta tafi da feshin gaba, ya guji ci, sha, goro ko taba har sai ya gama ya yi wanka da sabulu.

Famfo mai yoyo da ke jiƙa bayan mai goyonsa ba a aiki da shi sai an gyara. Yara da mata masu ciki ko shayarwa ba sa feshi, ba sa haɗa magani, kuma ba su ne masu wanke tufafin feshi ba. Tufafin a wanke su daban, a wani bokiti daban, kada su haɗu da na iyali. Mai gonar da ya ɗauki ɗan ƙwadago ya yi masa feshi a kan kuɗin famfo-famfo ya sani cewa haƙƙin lafiyar wannan yaro yana wuyansa, kuma kuɗin safar hannu da takunkumi bai kai kuɗin galan ɗaya ba.

Bayan feshi akwai jira iri biyu da takarda ke faɗa. Na farko shi ne tsawon lokacin da za a yi kafin mutum ko dabba ya sake shiga gonar, kuma a nan ya kamata a sanar da maƙwabta da makiyaya, a kuma hana yankan ciyawar bakin gona don dabbobin gida. Na biyu shi ne adadin kwanakin da za su wuce tsakanin feshi na ƙarshe da girbi, wanda ya bambanta daga magani zuwa magani. Wannan shi ne sharaɗin da aka fi karyawa idan farashi ya tashi a kasuwar Ramin Kura, alhali latas, kabeji, tumatir da kokwamba ɗanyu ake cinsu, kuma wanki ba ya fitar da maganin da ya riga ya shiga jikin ganye. Rubuta ranar feshi da sunan maganin a ɗan littafi ya isa ya hana mantuwa.

Ajiyar wake da hatsi

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, bayan gwaji ya nuna diklobos daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. Irin waken da aka ƙi karɓa a can shi ne muke yin ƙosai da alale da shi a nan. Diklobos ba maganin zubawa a abinci ba ne, kuma yayyafa shi a wake, busasshen kifi ko daddawa saɓa doka ne.

Akwai hanyar da ba ta bukatar magani ko kaɗan, wato buhun PICS mai ninki uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka. Yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kuma aikinsa shi ne hana iska shiga har ƙwarin su ƙarar da wadda ke ciki su mutu. A shanya waken ya bushe sarai har ya riƙa fashewa idan an ciza, a sheƙe shi, a duba ledojin a tabbatar babu huda, a zuba, a matse iskar, sannan a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban. A ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗe shi ana ɗiba, wanda za a ci a kusa a ware shi tun farko. Jarka ko ganga mai murfin da ke rufuwa gam tana yin wannan aiki idan an cika ta taf, muddin ba a taɓa zuba mata fetur ko magani ba.

Ƙwayar Phostoxin da 'yan hatsi ke sawa a sito kuwa aikin wanda aka horar ne. Da zarar ta ji danshin iska sai ta saki hayaƙi mai kisa wanda ke ratsa buhu da tsagar bango, don haka ba a amfani da ita a ɗakin da ake kwana, ko a sito mai bango ɗaya da ɗakin kwana ko garken dabbobi. Ba a jefa ta tsirara cikin hatsi, kuma bayan kwanakin da takarda ta faɗa sai an buɗe wurin ya sha iska an kuma kwashe tokar da ta bari. A wajen 'yan kayan marmari kuma, nuna mangwaro da ayaba da kabaid ɗin masu walda abu ne da NAFDAC ta hana.

Inda ake ajiye magani a gida

A watan Agustan 2021 mutum 24 'yan gida ɗaya suka rasu a ƙauyen Danzanke da ke mazaɓar Bargaja a Ƙaramar Hukumar Isa, bayan an yi kuskuren zuba gishirin lalle a abinci a zaton gishirin miya ne. Allah ya jiƙansu. Irin wannan musiba daga wurin ajiya take farawa, domin farin gari a ƙullin leda ba ya faɗin sunansa. Duk wani sinadari, ko taki ne, ko maganin ɓera, ko sodar sabulu, ko kayan haɗin lalle, ya zauna a mazubinsa na asali, a cikin akwati mai kwaɗo, a wajen madafa, rumbu da ɗakin kwana, kuma makullin ya kasance a hannun babba. Kullewar tana kare yaro mai rarrafe, tana kuma kare babban da ɓacin rai ya rufe wa ido na ɗan lokaci. Ya fi kyau a sayi daidai abin da za a ƙarar a kaka ɗaya don kada a sami ragowa.

Galan da ya ƙare ba ya tsarkaka da wanki, saboda roba tana shan maganin, don haka ba a zuba masa ruwan sha, nono, kunu ko man gyaɗa, ba a kuma sayar da shi ga masu sayen robobi. A zuba masa ruwa kashi ɗaya cikin huɗu, a rufe a girgiza na rabin minti, a juye ruwan cikin famfo a fesa a gona, a yi haka sau uku, sannan a huda gindinsa don kada wani ya tsinta ya yi amfani da shi. Ƙona shi yana fitar da hayaƙi mai guba, don haka a tara irinsa a wurin da yara ba sa kaiwa, a tambayi mai shago ko malamin gona hanyar mayar da su. Ruwan wankin famfo ma a gona ake ƙarar da shi. A fadama ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, abin da aka zubar a yau yana iya isa rijiyar da ake sha, kuma kogin Rima da ake wanke famfo a bakinsa shi ne masunta ke su a ciki, dabbobi ke sha, birnin Sakkwato ma ke samun ruwa daga gare shi.

Idan guba ta kama mutum

Alamomin gubar diklobos da danginsa su ne ciwon kai, jiri, gumi mai yawa, dalalar miyau, hawaye, amai, gudawa, rawar tsoka, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. A fitar da mutumin zuwa inda iska take, mai taimako ya sa safar roba ko leda a hannu, a tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Idan ido ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta na tsawon minti 15. Idan haɗiya ya yi, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara, manja ko man shanu kamar yadda aka saba, domin aman na iya komawa huhu, kuma ɓata lokacin da ake yi wajen waɗannan dabaru shi ne ke cinye damar ceto. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar ko hotonta, saboda sunan sinadarin ne ke nuna wa likita abin da zai yi. Allurar atirofin tana karya gubar diklobos amma ba ta yi wa farakwat komai, kuma wanda ya sha farakwat yana iya zama kamar lafiya lau a ranar farko, don haka ba a jiran alama ta bayyana. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akan tura mara lafiya Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Dalma

Wannan guba ba a shago ake sayenta ba, amma ta yi mana ɓarna a kusa. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, wadda take cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1996, saboda ana kawo duwatsun zinare masu ɗauke da dalma cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Mai aikin haƙar ma'adinai ya bar dutse da kayan aikinsa a wajen gari, ya jiƙa dutsen kafin niƙa, ya yi wanka ya canja tufafi kafin ya shiga gida, kuma turmi ko injin da ya taɓa dutse kada ya sake taɓa hatsi. Wannan gargaɗi ya shafi masu fasa tsohon batirin mota a cikin unguwa, ya kuma shafi kwallin dutse da ake sa wa jarirai, wanda sau da yawa dalma ce mafi yawan abin da ke cikinsa.

Kai ƙara

Wanda ya ga ana sayar da haramtaccen magani, ko jabu, ko wanda ranarsa ta wuce, ya kai rahoto ofishin NAFDAC na jiha tare da kwalbar, rasit da hoton lambar zubin, ya kuma sanar da shugabannin kasuwa ko na ƙungiyar manoma don a gargaɗi sauran jama'a. Abin da ya shafi zubar da sinadari a ruwa, ko ruwan majema da marina da ke kwarara cikin unguwa, ko hayaƙi da ƙurar masana'anta, Ma'aikatar Muhalli ta jiha da NESREA ake kai wa, kuma ƙarar da aka rubuta aka bi da ita ta hannun mai unguwa ko hakimi, da sa hannun mutane da yawa, ta fi ta baki nauyi. A riƙe kwafin takardar da ranar da aka miƙa ta. Idan kifi ya mutu a tafki, ko dabbobi suka faɗi bayan sun sha ruwa, a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a ranar, a rubuta wuri da lokaci a jikinta, a kuma hana cin kifin ko naman har sai jami'an lafiya da likitan dabbobi sun duba.